Baraji da Rami: Wanne Ya Ba Manomi Aiki?

Ya kai mai karatu, in kana zaune ƙasar Ƙonni ko Malbaza ko Illela, ba sai an gaya maka abin da ke faruwa ba da zarar an gama ɗaurin hatsi an kai rumbu. Sati biyu ko uku sai ka ji gari ya fara yin shiru. Samari sun ɗaure kayansu, wannan ya nufi Legas, wancan Abijan, wani Libiya ko Aljeriya, wani kuwa nan kusa, Sakkwato ko Kano. Sai a bar tsofaffi da mata da yara suna tsaron gari har hadari ya fara haɗuwa gabas. Damana wata uku ce ko huɗu, ciki kuwa wata goma sha biyu yake nema. Wannan shi ne tushen bida, kuma babu mai hankalin da zai zargi yaron da ya tafi.

Tun da ƙasarmu ta samu mulkin kai a 1960, babu gwamnatin da ta zo ba ta yi alkawarin sama ma mutanen karkara aikin yi a gida ba. An kafa hukumar UNCC a 1962 don haɗa manoma ƙungiya-ƙungiya. An yi babban taron Damagaram a 1982 bisa sha'anin raya karkara, an yi na Maradi a 1984 bisa yaƙi da hamada, daga 2011 kuma aka zo da shirin 3N na ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. Takardu dai an rubuta su, masha Allah. Amma yau ba su nake so mu duba ba. Ayyuka biyu nake so mu auna, waɗanda aka yi da hannu bisa ƙasarmu, kowa kuma yana iya zuwa ya gan su da idonsa. Na farko shi ne filin noman rani na Ƙonni da barajojinsa. Na biyu shi ne ramin tassa na ƙasar Illela. In na ce Illela, ta wajen Badagishiri nake nufi, kada ka ɗauka Illelar Najeriya ce ta bakin iyaka.

Mudun da zan auna su da shi guda ne. Bayan motar furoje ta juya ta koma Yamai, in an yi shekara goma ko ashirin, wa ke aiki a wurin, wa ke biyansa, kuma da kuɗin wa?

Mu fara da babba. Farin 1973 da 1974 ya tsorata kowa, daga talaka har mai mulki. Da Saini Kunce ya karɓi mulki a 1974, maganar ƙasa ta ciyar da kanta ita ce a bakinsa kullum, lokacin kuma kuɗin uraniyom sun fara shigowa. A 1976 aka kama aikin Ƙonni, kashi na biyu ya kammala wajen 1982. Dabarar ita ce a tare ruwan Majiya, wannan ƙorama da ke tasowa daga tsaunukan Adar ta gangaro ta wuce Najeriya zuwa tabkin Kalmalo. Aka gina baraji a Mozage da Zango, aka yi matattarar ruwa a Cerasa, aka ja doguwar hanyar ruwa har zuwa gonaki. Filin da aka tanada ma ban ruwa ya kai hekta 2,452. A 1978 aka kafa hukumar ONAHA domin kula da irin waɗannan filaye a duk ƙasa.

Duk wanda ya ce wannan aiki bai yi amfani ba, bai faɗi gaskiya ba. Ruwa na gangarowa da kansa, babu injin, babu mai. Magidanta dubbai sun samu gona, ko da yake gonar kowa ba ta da girma. An noma auduga da dawa da damana, an noma alkama da rani, daga baya albasa da kabeji da tumatir suka shigo. Mutumin da da yake zaman jiran damana ya samu girbi biyu a shekara. Ga ƴan ƙwadago masu dashe da cire haki, ga mata masu tsinta da sayar da abinci bakin gona, ga masu amalanke, ga dillalai. Kasuwar Ƙonni ta san da zaman wannan fili.

To ina laifin? Laifin yana cikin gininsa tun farko. An yi abu ne wanda manomi ke iya amfani da shi amma ba ya iya gyara shi. In hanyar ruwa ƙarama ta toshe, mutum goma da shebur sun isa. In siminti ya tsage a babbar hanya, ko ƙofar baraji ta lalace, sai injiniya da manyan motoci da miliyoyin sefa. Bayan taron Damagaram na 1982 aka ce manoma su riƙe filayensu da kansu ta hannun koperatib, ma'aikatan gwamnati su koma masu ba da shawara. Magana ce mai daɗin ji, ni ma ina goyon bayanta. Sai dai an miƙa ma manoma makulli, ba a miƙa masu jakar da za ta ɗauki babban gyara ba. Kuɗin ruwa da ake karɓa bayan girbi, in ma kowa ya biya, ƙaramin gyara yake iya yi. Kuma ba kowa ke biya ba. Wanda gonarsa ke can ƙarshen hanya, ruwa bai iso masa ba, da wane baki za ka ce ya biya? Shi ya ƙi biya don ruwa bai zo ba, ruwa kuma ya ƙi zuwa don ba a samu kuɗin gyara ba. Haka aka yi ta zagaye.

Ga kuma abokin gaba da ba ya barci, wato laka. Kowace damana Majiya na zuwa da jan ruwa, ta sauke yashi da laka cikin Mozage da Zango. Shekara bisa shekara cikin baraji yana cikewa, ruwan da yake riƙewa yana raguwa, har aka kai lokacin da abin da ke samun ban ruwa da rani bai kai rabin filin ba. Su wa suka fara komawa bida? Ɗiyan waɗanda aka gina filin dominsu.

Sai da aka yi kusan shekara arba'in kafin babban gyara ya zo, shi ma daga waje. A 2016 Nijar ta sa hannu da hukumar MCC ta Amurka bisa tallafin dala miliyan 437, domin ban ruwa da hanyoyi da kiwo, gyaran filin Ƙonni yana ciki. An sake hanyoyin ruwa, an kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa dabam da koperatib, an yi aikin takardun gonaki. Shirin ya ƙare a farkon 2024. Mun gode, wanda ya yi maka alheri ka faɗa. Amma ka tuna da muduna. Wa ya biya? Baƙo. In simintin nan ya sake tsagewa, kuma zai tsage domin siminti ne, wa zai biya? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Yanzu mu hau tudu. In ka taso daga Tsarnawa ka nufi Tawa, kafin ka kai Badagishiri za ka ratsa irin ƙasar da muke ce ma fako: tsandauri ja, mai tauri kamar daɓe, ga tsakuwa, ruwan sama in ya sauka bisa kansa gudu yake yi kamar an kore shi. Bayan farin 1984, shekarar da jama'a suka laƙaba ma El Buhari, fako ya ci gonaki da yawa a ƙasar Illela. An sha kawo manyan motoci su kakkarya ƙasa su ja kunya, in sun tafi ruwa ya zo ya share, babu mai gyarawa, domin kowa na ganin aikin na masu mota ne.

A 1988 asusun FIDA, mai kula da raya noma a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya buɗe wani shiri na tare ruwa da gyaran ƙasa a Illela. Abin da ya fi komi amfani cikin duk abin da wannan shiri ya yi bai ci kuɗin kirki ba. A 1989 ya ɗauki manoma 13 ya kai su ƙasar Yatanga ta Burkina Faso, su ga yadda manoman can ke rayar da matacciyar ƙasa da rami, abin da Mosawa ke ce ma zayi. Can ne ƙasar Yakuba Sawadogo, manomin nan da ya yi suna duniya bisa wannan aiki, wanda ya rasu a 2023. Mutanenmu suka duba, sai suka ga ai abin ba baƙo ba ne. Tassa ce, wadda iyayenmu na Adar suka sani tun da. Bambancin kawai, na Yatanga sun faɗaɗa ramin, sun zurfafa shi, suna tara ƙasar da suka haƙo ta gefen gangare, kuma suna zuba taki ciki.

Ka tsaya nan kaɗan, mai karatu, domin a nan hikimar take. Da an aiko malamin gona da allo ya zana masu rami, da sun ce to, sun watse. Amma manomi ne ya ga gonar manomi ɗan uwansa, ƙasa iri ɗaya da tasa, talauci iri ɗaya da nasa, ga dawa ta yi kai. Gani ya kori ji.

Ga yadda aikin yake, ga wanda bai taɓa yi ba. Da rani ake haƙa, lokacin da babu wani aikin gona. Faɗin rami kamar taƙi guda ko fiye kaɗan, zurfinsa kusan haka, tsakanin rami da rami kamar taki guda na tafiya. Hekta guda na cin rami wajen dubu 10, ko fiye. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Iska ta kwaso ganye da ƙura ta ƙara. Gara ta ji ƙanshin taki ta zo, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, ita da muke zagi sai ga ta tana yi mana noma kyauta. In ruwan farko ya sauka, maimakon ya gudu sai ya taru cikin ramu ya nutse. A nan za ka shuka hatsinka ko dawarka. Ko an yi kwana goma sha ba ruwa, gindin shuka na da laima. Rabin wata ma ɗan uwan tassa ne, sai dai shi ya fi faɗi, kamar lauje ake haƙa shi yana fuskantar tudu.

Da suka dawo, abin da aka gwada a 1989 hekta 4 ne kacal. A 1990 aka yi hekta 70. Sai Allah ya sa damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonaki suka ƙone, amma masu tassa suka ɗaure dammai. Daga nan ba a sake bukatar mai wa'azi ba. Maƙwabci ya leƙa gonar maƙwabci, gari ya kwaikwayi gari, har garuruwan da motar furoje ba ta taɓa shiga ba. Kashin farko na shirin ya ƙare a 1995, rami bai tsaya ba. Wasu masana uku, Abdou Hassane da Pierre Martin da Chris Reij, sun bi sawun aikin sun fitar da littafi a 2000. Bisa lissafinsu, zuwa 1998 an gyara wajen hekta dubu 9 a ƙasar Illela. Sun kuma auna amfanin gona daga 1991 zuwa 1996: gonar da ba a taɓa ba tana ba da kamar kilo 125 a hekta, mai tassa da taki kuwa sama da kilo 500. Ninki huɗu ke nan, bisa ƙasar da da ko akuya ba ta tsayawa.

Amma mu maganar aikin yi muke, to ga inda tassa ta ba ni mamaki. Haƙar fako da diga ba wasa ba ce, tsoho ba ya iyawa, mai gona babba shi kaɗai ba ya gamawa. Sai masu hali suka fara ɗaukar ƴan ƙwadago. Samari suka ƙware, suka riƙa bin gari gari da digarsu da rani suna haƙa ana biyansu. Mai amalanke ya samu aikin jigilar taki da duwatsu. Maƙeri ya samu aikin gyaran diga da shebur. Babu ofishin da ya rubuta sunayensu, babu wanda ya yi masu albashi daga Turai. Manomi ne ke ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya, don ya san zai mai da su da kaka. In ka auna da muduna, wannan shi ne aikin da ya tsaya da ƙafarsa.

Ka kwatanta da babban shirin Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya. An yi aiki mai ban mamaki can, ba a musu, an dasa itatuwa, an gyara tsaunuka, galibin masu aikin kuma mata ne, ana biyansu da abinci. A shekarar yunwa wannan ceton rai ne. Sai dai aikin da buhu ya kira, in buhu ya ƙare shi ma yakan ƙare. Shirin Illela bai mai da rabon abinci ginshiƙinsa ba. Kayan aiki da koyarwa ya fi ba da ƙarfi a kai, ya bar mutum ya yi ma kansa lissafi.

Akwai wani gari a ƙasar Illela, Batodi. Wajen 1990 fako ya kewaye shi, rijiyoyinsa na ƙafewa, mutane na shirin watsewa. Suka duƙufa bisa tassa da rabin wata. Tsakanin 1994 da 2004 ruwan rijiya ya hau da wajen mita 14, har mata suka buɗe garake suna noman albasa da zogale da rani. Ruwan da da ke gudu ya bar gari, ramu sun tura shi ƙarƙashin ƙasa ya zauna. Ashe kowane rami ɗan ƙaramin baraji ne, wanda mai shi ke iya yashewa da hannunsa.

Kada ka ce na zama maroƙin tassa. Tana da nata aibu, masu yabonta kuma sukan yi saurin wucewa ta kansu, ni kuwa ba zan wuce ba.

Babban abin da ke damuna shi ne maganar sayar da ƙasa. Da can fako ba shi da daraja, ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. Da aka gane yana rayuwa sai ya yi kuɗi. Binciken da na ambata ya samu cewa cikin magidantan da aka tambaya a 1998, wajen huɗu cikin goma sun sayi fako don su gyara. Masu rubutu sun ɗauki wannan alama ce ta nasara, kuma ta wani gefe haka ne, domin mutum ba ya sayen abin da bai yarda da shi ba. Amma duk inda aka yi mai saye, akwai mai sayarwa. Wa ya sayar? Galibi wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, wanda ba shi da shanun da za su ba shi taki, ba shi da kuɗin ɗaukar ƴan ƙwadago. Wa ya saya? Ɗan kasuwa, da mai dabbobi, da wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga Abijan. Yana yiwuwa ƙwarai ka iske yaro yana haƙa tassa ana biyansa a gonar da ubansa ya sayar bara waccan. An ce ya samu aiki. I, ya samu, amma ya tashi daga ɗan mai gona ya koma barema. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake ce ma Kofo, suna rubuta takardar ciniki. Takarda na hana rigima, wannan gaskiya ne. Ba ta hana yunwa ta sa mutum ya sayar.

Sai taki. Tassa ba taki, rami ne kawai, shekara ɗaya ko biyu ƙasa ta gaji. Takin kuwa ba ya isar kowa, har ya zama abin saye. Nan ma mai shi ake ƙara ma. Kuma fakon nan da muke cewa matacciyar ƙasa, wani wurin hanyar dabbobi ne ko wurin da Fulani da Buzaye ke sauka da damana. In manomi ya haƙe shi ya shuka, makiyayi ya dawo ya iske hatsi inda ya saba kwana. Ka ga muna bukatar kashin shanunsa, muna kuma toshe masa hanya. Wannan lissafi ba ya fita, sai an zauna da shi an yi magana kafin a sa diga.

Mata fa? Su ke ɗaukar taki a kai in babu amalanke, amma gonar da aka gyara ba kasafai take zama tasu ba. Kuma kada mu ruɗi kanmu, tassa abinci take bayarwa, ba ta ba da kuɗin aure ko na babur. Kilo 500 a hekta na rage watannin yunwa, ba ya mai da kowa attajiri. Bida ba ta mutu ba a ƙasar Illela, kowa ya sani. Abin da za a iya cewa shi ne, wanda ya so zama ya samu dalilin zama.

Ina da ƙorafi kuma bisa yadda aka mai da rabin wata daga baya. Da manya suka ga abin ya karɓu, sai shirye-shirye iri-iri suka ɗauke shi suka mai da shi hanyar raba kuɗi ko abinci da rani. A tara jama'a bisa filin gari, a ce kowa ya haƙa uku a yini, a biya shi, a ƙirga hekta, a ɗauki hoto. Ban ce a daina ba, da babu gara ba daɗi, kuma inda aka bi aikin da shuka ciyawa da itatuwa da tsaro, an ga amfani. Amma inda ba a faɗi tun farko wa zai ci amfanin filin ba, wa zai gyara in ruwa ya fasa, to bayan damana uku sai ka iske alamar ramu kawai. An ɗauki siffar aikin Illela, an bar abin da ya rayar da shi, wato mutum yana haƙa gonarsa don kansa.

To, ashe sai mu bar baraji mu koma rami? A'a. Rami ba ya ba ka albasa a watan Maris sai inda ya tada rijiya kamar Batodi. Dubi Galmi, cikin ƙasar Malbaza, inda albasarta mai jar riga ta yi suna har Ankara da Kumasi da Abijan. Da ruwan rani aka yi wannan suna, kuma babu sana'ar da ke ɗaukar ƴan ƙwadago a yankinmu kamar ta, daga masu dashe har masu ɗinkin buhu da masu lodi a Galmi da Tsarnawa. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke nan tun shekarun 1960, abin alfahari ce, amma ma'aikatanta ɗaruruwa ne, samarin da ke neman aiki kuwa dubbai. Gona ce kaɗai ke da faɗin ɗaukarsu. Sai dai manomin albasa shi ma yana da nasa ciwon. Kowa na girbi lokaci guda, farashi ya faɗi, wanda bashi ya kama ya sayar da arha, wanda ke da rudu mai kyau ya ajiye ya sayar da tsada bayan wata biyar. Ga iyaka. An rufe ta a 1984, an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har farkon 2024. Duk ranar da aka sa sarƙa tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya, ba a tambayi mai tumatir ba.

Abin da nake gani shi ne, baraji da rami aiki ɗaya ne aka raba shi biyu. Lakar da ke cike Mozage daga ina take? Daga tudun da ruwa ke wankewa can sama. Ba ruwan Illela ne ke zuba Majiya ba, amma ciwon iri ɗaya ne, maganin ma iri ɗaya. Kowane rami da kowane jerin duwatsu da aka yi a tudun Majiya, laka ce aka hana ta isa baraji. Mutanen ƙasar Buza sun nuna ana iyawa, tun 1975 da aka fara dasa layukan dogon yaro cikin kwarin Majiya don tare iska. In da ni ake tambaya, da na ce duk jika goma da za a kashe bisa siminti a ƙasa, a ware wani abu a kai manoman tudu su ga gonakin Badagishiri da Batodi, kamar yadda aka kai mutum 13 Yatanga. Da na ce a nemi hanyar da talaka zai samu bashin taki da ladan ƴan haƙa ya gyara fakonsa, ya biya da kaka, maimakon ya sayar. Da na ce a juya littafin nan na 2000 zuwa Hausa, domin da harshen Turawa aka buga shi, alhali labarin mutanen Illela ne, gumin kuma nasu.

Kai kuma mai karatu, in kana da gona a filin Ƙonni, akwai abin da ke hannunka. Ranar taron ƙungiyar masu amfani da ruwa kada ka aika yaro, ka je da kanka. In an gama karanta abin da aka karɓa da abin da aka kashe, ka ɗaga hannu ka tambaya nawa aka ajiye gefe domin babban gyara, a wane asusu yake, sa hannun su wa ke fitar da shi. Ka rubuta adadin cikin littafinka, baɗi ka zo da shi ka kwatanta. In an ce maka takardar tana ofis, ka ce a aika a ɗauko ta, za ku jira.